Fayiloli fanko masu sunan da ba ya karantuwa sun bayyana a sabarmu: kutse ne ko faifai ne ke mutuwa?

maigadin_saba

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, domin tun shekaranjiya hankalina bai kwanta ba.

Ni kaɗai nake kula da na'urorin ƙaramin ofishinmu. Saba biyu gare mu. Ɗaya tana riƙe da shafinmu da rumbun bayanai, ɗayar kuma ba ta da aiki sai karɓar kwafin ajiya. Wannan ta biyun tana kan CentOS 7, wani nau'in Linux, tsarin fayil na faifanta kuma ext4 ne. Na san an daina tallafa wa CentOS 7 tun ƙarshen Yunin 2024, kuma ina shirin sauya ta, don Allah kada mu tsaya a nan.

Na shiga ne kawai in duba ko wuri ya kusa cika. Da na buga `ls -l` a cikin `/home/ajiya`, wato gidan asusun da ke karɓar kwafin, sai na ga abin da ban taɓa ajiyewa ba. Ga uku daga ciki, na cire ranakun:

`-rw-rw-r--. 1 ajiya ajiya 0 02:15 ?k??Vq???8??m?`
`-rw-rw-r--. 1 ajiya ajiya 0 02:15 ???`
`-rw-rw-r--. 1 ajiya ajiya 0 02:15 ?T?7??????x???R??a????`

Guda 11 ne. Babu ko bayit ɗaya a cikin kowannensu. Mafi tsufa ya kai kwana 20, na ƙarshe kuwa daren shekaranjiya ya zo. Ba kullum suke zuwa ba: wani dare ɗaya, wani dare biyu, wasu dararen shiru. Amma duk wanda ya zo, ƙarfe 2:15 na dare yake zuwa, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don babu wani a ofishin da ke aiki a wannan lokaci.

Na duba `crontab -l`, wato jadawalin ayyukan da ke gudana da kansu (cron), na ajiya da na root, babban asusun sabar, na leƙa `/etc/cron.d`, babu abin da aka tsara wa 2:15. Na buga `last`, shigata kaɗai nake gani. `.bash_history` na ajiya wayam. Da na buɗe foldar da FileZilla sunayen sun koma 'yan akwatuna da baƙaƙen alamomi. Ko rubuta sunan in duba fayil ɗin na kasa, don waɗannan haruffa ba su kan allon bugawa.

Ban goge komai ba tukuna. Hannuna ya kai ga `rm` sau biyu na janye. Ɗan kutse ne ya shigo yana barin sawu, ko faifan ne ya fara lalacewa? Kuma yaya ake kama fayil ɗin da ba ka iya kiran sunansa ba?

ido_a_bude

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni dai in na ga abu na faruwa da tsakar dare a kan lokaci guda, kuma babu sawu a `last`, kutse nake fara zargi. Masu shigowa sun saba share rajista bayan sun gama. Ka buga `rpm -Va` ka ga ko an taɓa `ls` ko `ps` ko `sshd`, ka duba `authorized_keys` na ajiya ko an ƙara makullin da ba naka ba, sannan `ss -tnp` ka ga wa sabar ke magana da shi. In ka ga abin da bai gamshe ka ba, ka cire ta daga intanet kafin komai. Tsohuwar saba da ba ta samun gyaran tsaro ba abin sakaci ba ce.

malamar_lambobi

Malam, kafin a kai ga zargin kowa, a fara sanin ainihin sunayen. Alamar tambayar da kake gani ba ta cikin sunan. `ls` ce take saka ta a madadin duk bayit ɗin da ta kasa nunawa. A Linux sunan fayil jerin bayit ne kawai, kuma biyu kaɗai aka hana: alamar `/` da bayit sifili. Sauran duk sun halatta, har zuwa tsawon bayit 255 a ext4. Saboda haka suna irin wannan bai karya wata doka ba, mu ne dai ba ma iya karanta shi.

Ka buga `ls -lib`. Harafin `b` zai fito maka da kowane ɓoyayyen bayit a matsayin lamba, `i` kuma zai ba ka lambar inode ta kowane fayil, wadda da ita za ka kama shi ba sai ka kira sunansa ba.

Dalilin da ya sa nake so ka fara da wannan, na taɓa ɓata yini guda a kan abin da ya zama rubutunmu ne na Hausa. Wata abokiyar aiki ta loda takardu masu ƙ da ɗ a sunayensu, sabar kuma an bar ta a `LANG=C`, sai kowane harafi mai lanƙwasa ya koma alamar tambaya biyu, domin a UTF-8 bayit biyu ne. Harafin ƙ yana fitowa `\306\231`, ɗ kuma `\311\227`. In ka ga lambobi suna maimaita kansu bibbiyu a tsakanin haruffan da ke ba da ma'ana, to matsalar tsarin haruffa ce, kuma `convmv` ko gyara `LANG` zai warware ta. Haka ma fayilolin da aka kwance daga tsohon zip na Windows suke yi.

Sai dai gaskiya ban cika zaton wannan ne naka ba. Fayilolin da suka sami matsalar haruffa yawanci suna da abu a ciki, kuma ƙarshen sunan kamar `.pdf` ko `.docx` yana tsira. Naka fanko ne kuma ba su da wutsiya. Ka kawo mana abin da `b` ta nuna.

tsohon_hannu

Ƙanena, ka kyauta da ba ka goge ba. Zan fara da wannan don shi ne mai haɗari a yanzu: kada ka kuskura ka rubuta `rm ???`. A wurin bash, shirin da ke karɓar umarnin da muke bugawa, alamar tambaya tana nufin kowane harafi, don haka za ta kwashe duk fayil mai haruffa uku a foldar, naka da wanda ba naka ba. Kuma kada ka matsar da su ma sai ka adana bayanansu, domin `mv` tana canza ctime, wato lokacin da aka yi wa fayil canji na ƙarshe. Ka fara da wannan:

`find /home/ajiya -maxdepth 1 -type f -empty -exec stat {} + > /root/shaida.txt`

Batun faifai, ban ga alamarsa ba. Faifan da ke mutuwa ba ya duba agogo. In tsarin fayil ya rikice, abin da ka fi gani shi ne layi irin `-????????? ? ? ? ?`, inda izini da mai fayil da girma duk suka zama alamar tambaya saboda an kasa karanta inode ɗin, kuma `dmesg` za ta cika da kukan `EXT4-fs error`. Naka kuwa izininsu lafiya lau, mai su sananne, lokacinsu daidai. Fayiloli ne ƙalau da wani shiri ya buɗe da sunan ajiya. Ka leƙa `dmesg` da `smartctl -a` don zuciyarka ta natsu, amma ba can nake kallo ba.

Batun kutse, abin da ɗan'uwa ido_a_bude ya ce ka duba yana da kyau, minti goma ne. Amma ka yi tunani: mai kutse ɓuya yake nema. Zai sa wa fayil suna mai kama da na tsarin, ya tura shi `/tmp` ko `/dev/shm`, kuma zai sa wani abu a ciki. Fayil fanko mai sunan da ke jan ido a tsakiyar gida ba ya amfana masa komai.

Ga abin da na sha gani. Fayil mai girman sifili da sunan tarkace kusan kullum bash ce ta haife shi, a lokacin da aka ɗura mata bayanan da ba rubutu ba ta ɗauka umarni ne. A cikin fayil da aka matse, kamar `.gz`, bayit suna zuwa ne kamar a warwatse, kuma kusan ɗaya cikin kowane 256 zai dace da alamar `>`. Bash in ta ga `>` abu ɗaya ta sani: ta buɗe fayil da sunan da ke biye. Tana buɗe shi tun kafin ta nemi umarnin da ke gaba, sai ta nema ta rasa, ta ce ba ta san shi ba, ta wuce. Fayil ya riga ya samu, ba a rubuta komai a ciki ba.

Abin da ya rage shi ne wa ke ɗura mata. Ka ce babu komai a cron na wannan saba, to ɗayar fa? Ruwa ba ya tsami banza, wani ne yake ƙwanƙwasa ƙofa da 2:15. Kuma kada `last` ta yaudare ka: tana karanta `wtmp` ne, shi kuwa sshd, shirin da ke karɓar masu shigowa daga nesa, ba ya rubuta shiga a can sai in an buɗe wa mai shigowa tagar rubuta umarni (terminal). Shigar da shiri ya yi ta bututu ba ta bayyana a nan, kuma ba ta barin komai a `.bash_history`. Inda za ka same ta shi ne `/var/log/secure`. Ka nemi layukan `Accepted publickey for ajiya` ka ga lokacinsu da adireshin da suka fito.

In duk wannan bai nuna komai ba, ka ɗana tarko ka kwana:

`auditctl -w /home/ajiya -p wa -k fanko`

Da safe `ausearch -k fanko -i` za ta gaya maka shirin da ya buɗe fayil ɗin da lambar shirin da ya tayar da shi.

maigadin_saba

Allah ya saka muku da alheri, dukkanku. Malam, ranka ya daɗe, abin da ka faɗa shi ne, kuma ya fi yadda na zata muni.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. `rpm -Va` ba ta nuna komai ba sai fayilolin saiti da ni na gyara. Makulli ɗaya ne a `authorized_keys`, na sabar shafinmu. `dmesg` shiru. Malama, ga abin da `ls -lib` ta ba ni a kan na farko: `\213k\002\365Vq\233\020\3768\304\031m\177`. Babu wani tsari a ciki, ba bibbiyu ba ne, har da bayit irin `\002` da ba harafin kowane harshe ba ne. A cikin `stat` kuma lokacin Modify da na Change iri ɗaya ne a kowane fayil, wato tun da aka buɗe su ba wanda ya sake taɓa su.

Sai na buɗe `/var/log/secure`. Kowane dare, 02:15 da 'yan daƙiƙoƙi, ajiya tana shigowa daga adireshin ɗayar sabar tamu, ta fita kusan nan take. Na tsallaka can na buɗe cron na root, ga shi kuwa, shirin kwafin ajiya da na gada daga wanda ya riƙe aikin kafin ni. Zuciyar shirin layi biyu ne:

`. /root/ajiya.conf`
`tar czf - /var/www /var/kwafin_rumbu | ssh ajiya@saba2 $UMARNI`

A cikin `ajiya.conf` ne aka rubuta abin da `UMARNI` ke nufi, wato `cat` da ke zuba abin da ya iso cikin fayil mai sunan ranar mako. Kwana 20 da suka wuce na yi sharar foldar root, na tattara fayilolin saiti na mayar da su `/root/saiti/`. Ni na ɗauke shi da hannuna, ban bincika wa ke karanta shi ba. Tun daga ranar `UMARNI` ya zama fanko, layin ya koma `ssh ajiya@saba2` tsirara. Na gwada da rana ina kallo, sai ga saƙon nan:

`Pseudo-terminal will not be allocated because stdin is not a terminal.`

Bayansa tarkace ya biyo, da `command not found`, sannan `syntax error`, kuma fayil na 12 ya bayyana a gabana. Wannan saƙo yana fita kowane dare, amma layin cron ɗin ya ƙare da `> /dev/null 2>&1`, mai zubar da duk saƙon da ya fito, don haka ba wanda ya taɓa jin sa.

Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne da na shiga foldar kwafin. Fayiloli bakwai suna nan, na Litinin har na Lahadi, kowanne da girmansa mai kyau. Sau biyu a cikin makonnin nan na leƙa na ga sunayen na fita da kwanciyar hankali. Ban kalli ranakun ba. Mafi sabo a cikinsu ya kwana 21. Mako uku cur ba mu da kwafin komai, kuma a cikin makonnin nan ne aka shigar da bayanan da mutane suka yi kwanaki suna bugawa da hannu. Da faifan babbar sabar ya tsaya a wannan tsakanin, ban san da wane ido zan kalle su ba.

Na gyara hanyar fayil ɗin, na yi kwafi da hannu yanzu, na kwance shi a wata folda na tabbatar yana buɗuwa. Tambayar da ta rage mini: kwafin ya fi gigabayit 3, in ɗaya cikin 256 alamar `>` ce, ai miliyoyin fayiloli ya kamata in gani. Me ya sa 11 kacal? Kuma akwai yiwuwar tarkacen nan ya ɓata wani abu da ban gani ba?

tsohon_hannu

Alhamdu lillahi da aka gano kafin a nemi kwafin a rasa. Kuma ka yi daidai da ka kwance shi ka gani da idonka.

Dalilin ƙarancinsu, bash ba ta taɓa cin gigabayit ukun nan ba. In ba mutum ne zaune a gabanta ba, kuskuren nahawu na farko da ta ci karo da shi take tsayawa ta fita. A cikin tarkace kuwa ba a daɗe ba a haɗu da baka `(` ko `)` a inda bai dace ba, don su ma kowannensu ɗaya ne cikin 256. Saboda haka layi ɗaya ko biyu take samu ta aiwatar, wani daren ma layin farko ne ke kashe ta, shi ya sa kake ganin dararen da babu komai. Daga nan ssh ta rufe, `tar` ta ga bututu ya yanke ta mutu. Ko a cikin 'yan layukan da suka wuce, ba kowace `>` ce ke haihuwa ba: in sunan ya ƙunshi `/`, za a nemi foldar da babu ita a kasa.

Batun ɓarna, ka duba amma kada ka firgita. Haɗarin gaske shi ne `>` tana share abin da ke cikin fayil in sunan ya dace da wanda yake nan, kuma tarkace yana iya dacewa da gajeren umarni. Dacewa da dogon suna abu ne mai wuyar gaske. Abin da ya tsare ka shi ne ajiya ba root ba ce, iyakar hannunta gidanta da foldar kwafi. Wannan zai nuna maka duk abin da ya canza a kwanakin:

`find / -xdev -user ajiya -ctime -22 -ls`

In fayilolin nan 12 ne kawai da kwafin da ka yi yau, shi ke nan. Gogewa kuma da lambar inode, ɗaya ɗaya, kana tsaye a cikin foldar: `find . -maxdepth 1 -inum 524301 -delete`, ka sa lambar da `ls -i` ta ba ka a madadin tawa. Ka fara gudanar da shi ba tare da `-delete` ba ka ga abin da zai kama.

Amma gyara hanyar fayil bai isa ba, don gobe wani zai sake matsar da shi. A saman shirin ka sa `set -euo pipefail`. Harafin `u` zai sa ya tsaya in an kira gurbin da ba a cika ba, `e` zai tsayar da shi tun a layin da ya kasa samun `ajiya.conf`, `pipefail` kuma zai hana mutuwar `tar` ta ɓuya a bayan ssh. Ka cire `/dev/null` ɗin nan, ka sa `MAILTO` a crontab ko ka tura fitowar cikin rajista da kake karantawa.

Wanda na fi so ka yi shi ne a ɓangaren sabar ajiya. A farkon layin makullin a `authorized_keys` ka rubuta `command="/usr/local/bin/karbi_kwafi",no-pty,no-port-forwarding`. Daga ranar, duk abin da mai wannan makulli ya aiko, shirin nan kaɗai zai gudana, ba za a sake miƙa masa bash tsirara ba. Yana kuma rufe ƙofar da ɗan'uwa ya ji tsoro tun farko, domin a yadda kake yanzu, duk wanda ya karya sabar shafin ya sami hanyar shiga ya goge kwafinku gaba ɗaya.

malamar_lambobi

Ƙari ɗaya, Malam, a kan shirin `karbi_kwafi` da za ka rubuta. Yadda tsohon yake, `cat` tana zubawa kai tsaye a kan fayil na ranar, wato tana share na makon jiya tun kafin ta san ko na yau zai iso lafiya. In intanet ta yanke a tsakiya, ka rasa tsohon kuma sabon guntu ne. Ka sa ya fara rubutawa a fayil na wucin gadi, ya gwada shi da `gzip -t`, in ya wuce sannan ya yi `mv` a kan na ranar.

Sannan a kan sabar ajiyar kanta ka sa wani ɗan cron da safe, wanda bai dogara da ɗayar ba: `find /srv/kwafi -name '*.tar.gz' -mtime -1`, in bai sami komai ba ya aiko maka da saƙo. Ka gyara hanyar ta dace da taka foldar.

maigadin_saba

Na yi duka, Malama, har da na safen. Na kuma gwada shi da gangan: na sake ɓoye `ajiya.conf`, shirin ya tsaya a layin farko, saƙo ya iso wayata cikin minti ɗaya, babu sabon fayil a gidan ajiya. Binciken `find` bai nuna komai ba sai waɗancan 12 da kwafin jiya. Na goge 11, na bar na farkon a wata folda tare da `shaida.txt`, don in nuna wa shugabanmu gobe idan na je yi masa bayanin makonni ukun nan. Na bar tarkon `auditctl` a ɗane zuwa ƙarshen mako.